Wasannin Yunwa Da 'Yan Kallonsu

A wannan mako za mu duba wani littafin ƙagaggen labari ne da wata marubuciya ta Amurka, Suzanne Collins, ta wallafa domin matasa a shekarar 2008. Sunansa The Hunger Games, watau Wasannin Yunwa, an kuma mai da shi fim a 2012.

Labarin wata ƙasa ce mai suna Panem, wadda ta tashi bisa kufan Amurka ta Arewa. Tana da babban birni na masu wadata, da larduna 12 da ke yi masa bauta. Domin horon lardunan bisa wani tawaye da suka taɓa yi, kowace shekara akan jefa ƙuri'a a ɗauki yaro ɗaya da yarinya ɗaya daga kowane lardi, 'yan shekara 12 zuwa 18. Sai a zuba su 24 ɗin a fage su kashe juna har saura ɗaya, ana nuna abin a talabijin.

Wurin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda aka tsara ƙuri'ar. Yaron da yunwa ta addabi gidansu yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na cin mutum ɗaya har shekara, da sharaɗin a ƙara jefa sunansa sau ɗaya. In ya karɓa wa mutum uku, a jefa sau uku, kuma na bana yana hawa kan na bara. Shi ya sa Katniss, yarinyar da labarin ke kanta, 'yar lardin masu haƙar kwal, sunanta ya shiga sau 20 tana da shekara 16, abokinta Gale kuwa sau 42. Ɗan mai hali ba ya bukatar wannan ciniki. Ta haka hukuma ta sa talaka yana sayen tuwon ƙannensa da ransa, sa'an nan haushinsa ya koma kan ɗan mai kantin unguwarsu, a manta da wanda ya kafa dokar. Duk da haka, ƙanwarta mai suna ɗaya tak a cikin tulun ita ƙuri'a ta faɗa wa, Katniss ta miƙa kanta a madadinta.

Marubuciyar ta ce tunanin ya zo mata ne wani dare tana sauya tashoshin talabijin, nan gasar nishaɗi, can hotunan yaƙin Iraƙi, har biyun suka cakuɗe mata. Ashe waɗanda take tuhuma su ne masu kallo.

To, a nan ne muke ganin fim ɗin ya kasa littafin. A littafi Katniss ce ke ba da labari da bakinta, mai karatu yana jin ƙishirwarta da tsoronta. A fim kuwa an fitar da mu waje, an zaunar da mu tare da masu sharhi da masu juya fagen daga ɗakin na'urori, watau kujerar mutanen babban birnin sosai. Ba mu ce 'yan wasan ba su yi ƙoƙari ba. Jennifer Lawrence ta riƙe matsayinta da kyau. Amma fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 700 a gidajen sinima na duniya, daga mutanen da suka biya kuɗi don su ga yara na kashe yara. A Ingila ma sai da aka gyara sakan 7, aka goge jini, domin a ba 'yan shekara 12 izinin shiga su kaɗai.