Ban da Cefane da Kuɗin Makaranta, Me Babanka Yake So?

Kafin ka gangara ƙasa, tsaya ka amsa tambaya uku a zuciyarka. Wane mawaƙi Babanka ya fi so? Wane wasa ya iya lokacin yana saurayi? Idan ya samu sarari, me yake yi don daɗin ransa kawai, wanda ba shi da alaƙa da cefane?

In ka ci biyu cikin uku, sannu da ƙoƙari. Yawancinmu abin da muka sani daban ne. Mun san ranar da kuɗi ke shigo masa. Mun san irin fuskar da yake yi in zai ce babu. Mun san lokacin da ya kamata a tura ƙaramar ƙanwa ta roƙa, don ita ba ya iya hana ta. Ran Lahadi ta uku a watan Yuni kuwa, ranar da ake ce wa ta iyaye maza, sai a nemo hotonsa na sallah a ɗora a WhatsApp da Facebook, a rubuta "jarumina". Shi bai ma gani ba, wayarsa 'yar Nokia ce mai tocila.

Maganata a yau ita ce, mutumin nan yana da abin da yake so tun kafin a haife ka, kuma wannan abin yana cikin abubuwan da ke riƙe da shi a tsaye. In ya rasa shi, gidan gaba ɗaya ne zai ji a jikinsa. Ba inda ake ganin haka ƙarara kamar gabashin Sakkwato, wato Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke bakin iyakar Nijar.

Ɗauki magidanci ɗan shekara hamsin a wannan yanki. An haife shi wajajen 1975, shekarar da Nijar ta fara gasar takobin kokawa ta ƙasa. Ya tashi kusa da kufan Alkalawa, babban birnin Gobir na zamanin Bawa Jan Gwarzo, wanda ya faɗi a hannun masu jihadi a 1808. Ya tashi a ƙasar da in kaka ta yi, an kai gero rumbu, sai a buɗe fagen kokawa da dambe, samari su bi ƙauye-ƙauye da ƙafa ko a keke. A ƙasar Isa aka yi Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda ya yi wa doki guda, Ɗan Filinge, waƙa sukutum, har yau ana sauraronta. Ka ga kenan mutanen wurin ba su taɓa ɗaukar sha'awa a matsayin wasan yara ba. Wani dokinsa ne abin alfaharinsa, wani tantabaru, wani ragon da yake turkewa shekara guda yana wanke shi kamar jariri. Wani farauta, wani su a Gulbin Rima, wani kuma dara a gindin bedi bayan la'asar.

Yanzu dubi abin da ke kan wannan mutum. Sama da shi akwai tsofaffinsa da ke buƙatar magani. Ƙasa da shi akwai ku. A gefe akwai ƙannen da ba su tsaya da ƙafarsu ba, da marayun ɗan'uwa, da dangin da suka gudo daga ƙauye suka sauka a zaurensa, ba ranar komawa. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, komai ya tashi. Wata uku ba su cika ba aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, ba a buɗe ta ɓangaren Najeriya ba sai Maris ɗin 2024, alhali mutane da yawa a yankin cinikinsu da zumuncinsu duk Maraɗi suke kallo. A wasu ƙauyukan kuma sai an haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin a yi shuka, a sake haɗawa kafin a yi girbi.

Manyan masifun kowa ya ji su. A watan Mayun 2020 an kashe mutum sama da saba'in a Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa. A Disambar 2021 an ƙone mota da fasinjojinta a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. Amma akwai wata asara da ba ta shiga labarai, don ba a iya ƙirga ta. Hirar bayan isha'i a ƙofar gida ta mutu a wurare da dama, saboda da magariba ake kulle ƙofa. Dajin farauta ya koma hannun wasu. Tafiya kallon kokawa a ƙauyen maƙwabta ta zama kasada. Kiwo, wanda shi ne abin nishaɗin magidanci kuma bankinsa, ya zama abin jawo ido, mutum ya sayar da dabbar da yake ƙauna da hannunsa don kada ta jawo masa baƙin dare. Abokan darar kuwa, ɗaya yana Gidan Rumji yana gudun hijira, ɗaya ya koma Sakkwato yana haya, ɗaya yana ƙasa.

Na san abin da wani zai rubuta a ƙarƙashin wannan: "Haba malam, ana kashe mutane kai kana zancen tantabara?" Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. Tsaro aikin hukuma ne, kuma ba za mu daina matsa mata ba. Amma wanda ya tsira da ransa dole ya ci gaba da rayuwa gobe da jibi, kuma shi ne zai ɗauki nauyin waɗanda suka rage. An rene iyayenmu maza a kan cewa namiji ba ya kuka, ba ya kai ƙara, ba ya cewa na gaji. Majalisa da gurbin dara su ne wurin da suke sauke abin da ke ransu ba tare da sun kira shi da suna ba. Mutum zai zauna ya ci abokinsa wasa uku, a yi masa tsiya, ya yi dariya har da tari, ya tashi ya ji sauƙi. In aka ɗauke wannan, damuwar ba ta ɓacewa. Cikin gida take shigowa. Shi ne za ka ji ana cewa "Baba ya cika faɗa kwanan nan," ko "Baba ya daina magana." Ka taɓa tambayar kanka me aka raba shi da shi kafin ya zama haka?

Kuma shekarun nan su ne shekarun da jiki ke fara karɓar bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya sama da biliyan ɗaya ke da hawan jini, kusan rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. Ban ce dara tana maganin hawan jini ba, wannan sai awo da likita. Amma mutumin da ba ya barci, ba ya dariya, ba shi da wanda zai zauna da shi, ba sai likita ya gaya maka inda ya dosa ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda mu matasa ke kallon waɗannan abubuwa. Rediyon Baba abin dariya ne a wurinmu, wai ga mutum yana jan eriya a zamanin TikTok. To, tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Wayar dubu ɗari ta koma tocila da agogo. Wa aka kewaye da safe da yamma don a ji halin da duniya ke ciki? Mai rediyon nan dai. BBC Hausa tun 1957 take magana, Babanka ya fi shekara talatin yana bin ta, ya san muryoyin ma'aikatanta kamar 'yan unguwarsu, ya san tarihin rikice-rikicen da kai sai a bidiyon minti ɗaya ka fara jin sunansu. Wannan ilimi ne, kuma kyauta yake zaune a tsakar gidanku.

Ba mu kaɗai ke da irin waɗannan iyaye ba. A birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, magidanta kan ɗauro kejin tsuntsayensu a bayan babur da sassafe, su taru a wurin shan kofi, su rataye kejin a jere, su zauna suna sauraron kukan tsuntsaye kafin kowa ya wuce aiki. A bakin titunan Hanoi za ka ga dattawa a kan 'yan ƙananan kujeru sun duƙufa kan wani wasa mai kama da dara, wasu na tsaye a kansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba, kamar dai a gindin bedinmu. Mutanen ƙasar da ta sha yaƙi na shekaru masu yawa ne, ba su ce tunda an sha wuya a bar tsuntsu ba. A Ostireliya har rumfuna aka buɗe tun shekarun 1990 don maza masu shekaru su taru suna aikin kafinta suna hira, saboda an lura namiji ya fi buɗe baki in hannunsa na kan wani aiki. Abin da su suka zauna suka tsara, mu gadonsa muka yi, ga shi yana zubewa muna kallo.

Akwai magana ta biyu, kuma 'yan mata ne suka fi yin ta, da gaskiyarsu. Wani uban majalisar ce gidansa, gidan kuma masauƙi. Wani zai sayi dusar rago alhali ba a biya kuɗin jarrabawa ba. Wani darar tasa ta koma caca. Wannan ba shi nake karewa ba, sunansa sakaci, kuma duk sunan da aka sa masa bai canja shi. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da mutum zai yi ya dawo gida da sakin fuska, haƙƙin kowa ya fita, wannan hutu ne. Wanda zai cinye haƙƙin iyali, wannan gudu ne. Sannan duk abin da na faɗa a kan Baba, Inna ma tana da nata, ita ma akwai abin da take so kafin ta zama mai tuƙa tuwonku, kuma ita samun sararinta ya fi wuya. Wannan zance ne na wani makon, amma tambayoyin nan uku na sama, ka gwada su a kanta ita ma.

To me za a yi, tunda akwai kunya? Gaskiya ne, a gidajenmu ba a zama da uba a ce "Baba, ya kake ji a ranka?" Ɗan fari ma sau da yawa ko sunansa ba a kira. Ba sai an karya wannan ba. Hidima ita ce harshen da iyayenmu ke ji, da ita za ka shiga.

Kuɗin datar kwana biyu sun isa ka sa masa waƙoƙin Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo a memori, ka saka a rediyonsa ka ajiye ba tare da dogon bayani ba. In ƙarshen shekara ya zo ana gasar takobi a Nijar, nemo bidiyon karawar Issaka Issaka ka miƙa masa wayar, ka ga yadda zai gyara zama ya fara gaya maka sunayen 'yan kokawar da ba ka taɓa ji ba. Ce masa ya koya maka dara. Gurbi talatin ne a ƙasa, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ana neman jera uku, amma sai ya yi maka cin ƙaniya sau goma kafin ka gane inda dabarar take. Ke kuma da kike zaune kusa da shi fiye da kowa, tambaye shi labarin dokin kakanku ko yadda kasuwar garinku take kafin wannan fitina, in ya yarda ki ɗauki muryarsa ki adana. Karɓe masa aike ɗaya a mako, ban-ruwan fadama ko zuwa chaji ko kai ƙanne makaranta, ka ce ya je ya zauna da abokansa tun rana ba ta faɗi ba. In kuwa gudun hijira ya raba shi da amininsa, nemo lambar, ka sa kati, ka haɗa su. Ranar da za ku bi ta asibiti ko kemis, lallaɓa shi a auna jininsa.

Abu biyu kuma kada ka yi. Kada ka ɗauke shi bidiyo a ɓoye yana rera waƙa ko yana gardamar ƙwallo ka watsa don a yi dariya, girmansa ya fi yawan masu kallonka. Kada kuma ka ɗora hoton ragunansa ko shanunsa ko sabon babur ɗinsa a intanet. A yankin da ake fama da masu kai rahoto, hoto ɗaya ya isa ya jawo wa gida abin da ba a shirya masa ba.

Kai ma in Allah Ya ba ka rai hamsin ɗin nan tana tafe, da nata nauyin. 'Ya'yanka za su koyi yadda ake kallon uba ne daga yadda suka ga kana kallon naka. Yau in ka koma gida, bayan gaisuwa, kafin ka kawo zancen kuɗi, tambaye shi wane ɗan kokawa ne ya fi burge shi yana yaro. Sannan ka kife wayar ka saurara.