Baƙin Mai Da Akwatin Shuka

A makon jiya, a hanyata daga Sakkwato zuwa Shagari, na tsaya Bodinga wurin wani kafinta. Na tarar yana shafa wa wasu akwatunan katako baƙin man mota, irin wanda makanikai ke tsiyayewa daga inji. Akwatunan na matan gida ne masu rainon alayyahu da salak da irin albasa a tsakar gida. Da na tambayi dalili, sai ya ce, "Malam, gara ce." Ban musa masa ba. Duk wanda ya taɓa ajiye katako a ƙasa a wannan yanki ya san aikinta, kuma abin da ta rage, danshin ban-ruwa da zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, su ke ƙarasa shi.

Sai dai abin da ya dace da dirkar rumfa bai dace da mazubin abinci ba. Man da ya gama aiki a inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarafa da ragowar ƙuna, waɗanda wasunsu na jawo ciwon daji. Kullum aka yi ban-ruwa, wani abu daga ciki na sauka cikin ƙasar, kuma a akwati ƙasar kaɗan ce, saiwa ba ta da wurin gudu. Ga yara masu wasa da hannu a jikin katakon. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara, inda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, bai kamata a yi mana dogon bayani kan gubar da ido ba ya gani ba. Ko a Amurka, tun ƙarshen 2003 aka daina sarrafa katakon amfanin gida da sinadarin CCA mai ɗauke da arsenik.

A ganina, kuskuren yana farawa ne tun kafin a zo ga shafe. Kakanninmu da zaɓen icce suke farawa. Azarar giginya ta daɗe a rufin soraye saboda gara ba ta cika damunta ba, haka ma ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita (duk da cewa masu gawayi sun kusa ganin bayanta). Farin katako mai arha kuwa, ko me aka shafa masa, kwanansa ƙidayayye ne.

In ba makawa sai da shi, a raba ciki da waje. Bayan akwati a yi masa fenti ko banish, a bari ya bushe sosai. Cikinsa a ɗan babbaka shi da wuta, kamar yadda manoma ke yi wa gindin dirka, sannan a shafa man 'ya'yan dogon yaro, wanda gara ba ta so, a bi da narkakken kakin zuma. Wannan shafe ba ya daɗewa, sai an sabunta shi kowace shekara kafin damina, kuma wannan shi ne aibinsa. A shimfiɗa leda mai kauri a ciki, a huda ta tare da gindin akwatin don ruwa ya tsiyaye, a ɗora shi a kan bulo.

Kafintan ya saurare ni har na gama, sannan ya ce baƙin mai kusan kyauta yake samunsa, kakin zuma kuwa sai ya saya. Ya yarda zai riƙa gaya wa masu akwatin farashin kowanne, su zaɓa da kansu.