Gawo a Tsakiyar Gona

Mai kadada ɗaya ba ya iya kokawa da farashin takin zamani, amma yana iya barin gawo a gonarsa. Itacen yakan zubar da ganyensa da damina, ya ciyar da ƙasa ba tare da ya tare wa gero rana ba. Da rani kuma 'ya'yansa abincin awaki ne. Tun wajen 1983 manoman Maradi suka fara daina tone kututtura, suna zaɓar toho biyu ko uku su raina.

Masu yayata noma ba sinadari sukan manta da doka. Aikin ya bunƙasa a Nijar ne bayan an sassauta ikon gwamnati kan itatuwan gona. Kafin nan, manomi kan sare itace tun yana ƙarami, gudun tarar malamin daji.