Zauren Fatake: Hajiya, Riƙe Kuɗin Nan Tukuna

Wasiƙar wannan makon daga Dapaong ta fito, daga wata baiwar Allah mai sayar da atamfa. Ɗanta yana Lome shekara biyu ke nan, yana tsaron shagon kawunsa. To, ya haɗu da wani mai jirgi a bakin teku, irin masu ɗibar mutane zuwa nitso da tukunyar iska goye a baya. Mutumin ya ce idan aka biya shi, cikin mako biyu zai koya wa yaron nitso har ƙasan teku, ya ba shi takardar shaida, da takardar kuma zai samu aiki a tashar jiragen ruwa. Yaro ya matsa lamba, uwa ta rasa wanda za ta tambaya. Ga yadda ta rufe wasiƙar: "Malam, ni ruwan da na sani shi ne na Oti, idan mota ta hau gadar Mango. In tura kuɗin ko in riƙe?"

Hajiya, ki riƙe tukuna. Sha'awar yaron ba laifi ba ce, nitso sana'a ce ta halal kuma tana da kuɗi. Abin da bai kwanta mini ba shi ne maganar mai jirgin, don ya haɗa abu uku daban-daban ya ɗaure su a ƙunshi ɗaya, kamar mai sayar da leshi da shadda da ɗan Kwatano a farashi guda.

Na farko nitson shaƙatawa ne, wanda masu yawon buɗe ido ke yi don kallon kifi. Shi ake koya cikin ƴan kwanaki. Takardar matakin farko ta ƙungiya irin su PADI tana ba mutum izinin sauka mita 18 ne kawai, mataki na gaba mita 30, kuma iyakar wannan nau'in gaba ɗaya mita 40 ce. A ƙasashen da ke magana da Faransanci za ki fi jin sunan CMAS, ƙungiyar da aka kafa a 1959. Na biyu nitson zurfi ne na ƙwararru, wanda ke wuce mita 40, ko shiga kogo da cikin jirgin da ya nitse. Su waɗannan iskar da suke shaƙa ma haɗi ce, har da hiliyom a ciki, kuma ba su da damar tasowa sama kai tsaye ko da wani abu ya faru. Na uku shi ne na neman abinci: walda a ƙarƙashin ruwa, duba gindin jirgi, gyaran bututun mai. Wannan makarantarsa daban, ana yin makonni da yawa ko watanni, kuma kamfanonin kirki takardar makarantar da aka amince da ita suke nema, irin waɗanda ke Marsey a Faransa ko a Afirka ta Kudu. A irin wannan aiki galibi daga sama ake turo wa mai nitso iska ta tiyo, da shugaban aiki yana magana da shi, da wani mai nitson a shirye a gefe don ko-ta-kwana. Takardar kallon kifi ba ta shigar da mutum wannan layin. Duk wanda ya ce miki mako biyu ya isa a samu aikin tashar jiragen ruwa, ko dai bai san aikin ba, ko kuma ya san ke ba ki sani ba.

Me ya sa ake wannan tsanani? Ruwa nauyi gare shi. Duk mita 10 da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya baki ɗaya. A mita 30 ya ninka huɗu ke nan. A cikin wannan matsi iskar naitirojin da yake shaƙa tana narkewa a jininsa da namansa. In ya taso a hankali, tana fita ta numfashi ba tare da ya ji komai ba. In ya taso da gaggawa, kin ga yadda kwalbar lemo ke yi idan an girgiza ta aka buɗe? Haka jini ke kumfa. Daga nan sai ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ajali. Shi ya sa ake tasowa sannu sannu, a kuma tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito, kuma wanda ya yi nitso ba ya hawa jirgin sama sai ya huta awanni masu yawa, da dama ma kwana guda cur suke bari. Masu zuwa Jidda ko Masar da ke sha'awar leƙa Bahar Maliya ranar ƙarshe kafin su kamo hanyar gida, wannan maganar taku ce.

Wataƙila kin taɓa jin labarin Harrison Okene, ɗan Najeriya mai dafa abinci a jirgin Jascon-4. A ranar 26 ga Mayun 2013 jirgin ya kife a tekun Najeriya ya sauka kimanin mita 30. Su 12 ne a ciki, shi kaɗai ya rayu, a wani ɗan lungu da iska ta maƙale, kusan awa 60 cikin duhu. Masu nitson da suka zo ɗibar gawa ne suka iske shi da rai. Abin lura a nan, ba su ja shi sama nan take ba, don da sun yi haka da tasowar ce za ta kashe shi. Sai da suka sa shi a ɗakin matsi, wani ƙarfe mai kama da tanki inda ake rage matsin kaɗan kaɗan, ya ƙara wasu kwanaki a ciki. Daga baya shi kansa ya shiga makaranta ya zama mai nitso na sana'a. Hanyar a buɗe take ga ɗanki shi ma, amma ta makaranta ta bi.

Yanzu a ce yaron ya yarda zai fara da matakin farko, ya gwada ko jikinsa da zuciyarsa za su ɗauka. Nan ne zaɓen mai jirgi ya shigo, kuma nan ne halinmu na ƴan kasuwa ke iya cutar da mu. Mu fa mun ƙware a ciniki. Daga Didawure ta Sokode har kasuwar Cinkasse, wanda ya sayi abu a farashin farko ana yi masa kallon baƙo. Amma a harkar jirgi, rangwamen da aka yi maka daga wani wuri aka yanko shi: ko daga gyaran inji, ko daga tacen iska, ko daga albashin yaron da ya kamata ya zauna a sama yana gadi. Ba ka ganin abin da aka yanke sai ranar da aka buƙace shi.

Don haka tambayar farko ba ta kuɗi ba ce. A nemi katin malamin, mai hoto da lamba da sunan ƙungiyar da ta ba shi. Ƙungiya irin PADI tana da shafi a intanet inda ake duba ko malami na gaskiya ne kuma ko izininsa bai ƙare ba, ɗan sakandare ma zai iya dubawa a waya. A duba wuyan tukunyar iska, ana buga ranar da aka yi mata gwaji a jikin ƙarfen, don abin da ke ɗauke da matsi ninki 200 na iskar duniya ba a wasa da tsatsarsa. A ce a nuna injin da ke cika tukwanen. In aka tarar bakin da yake zuƙar iska yana kusa da salansar janareto ko ta mota, a yi sallama a tafi. Hayaƙin nan da ke kashe iyali a ɗaki idan an kwana da janareto, shi ne zai shiga tukunyar, kuma a ƙarƙashin ruwa ya fi saurin kayar da mutum. Sannan a tambaya ko akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa a cikin jirgin, da wanda ya iya amfani da ita, da kuma ina ɗakin matsi mafi kusa yake, awa nawa za a yi kafin a kai mutum can, wa zai biya. Mai jirgin kirki yana da amsar nan a bakinsa kamar lambar wayarsa. Wanda ya ce "Allah zai kiyaye" ya yi shiru, gaskiya ya faɗa, amma bai amsa tambayar ba.

Akwai kuma abin da ya fi duk waɗannan sauƙi, kuma shi aka fi sakaci da shi: ƙidayar kawuna. A Janairun 1998 wani jirgin masu nitso a Ostireliya ya koma gida ya bar mata da miji, Tom da Eileen Lonergan, a tsakiyar teku. Sai bayan kwana biyu aka farga, da aka ga jakarsu a jirgin. Ba a sake ganinsu ba. A Satumban 2019 jirgin Conception ya kama wuta da dare a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 suka mutu a ɗakin barci na ƙasa. Masu bincike sun gano babu wanda ke gadi a farke, alhali doka ta ce dole a samu, kuma daga baya kotu ta ɗaure kyaftin ɗin shekara 4. Ƙasashen da ke da kuɗi da dokoki ke nan fa. Inji bai lalace a Ostireliya ba, mutum ne bai ƙirga ba.

Mu ma ai mun san wannan ciwon, ko da ba mu taɓa goya tukunya ba. A Mayun 2011 mutum 36 suka rasu a Tafkin Togo da iska ta kifar da kwalekwalensu suna dawowa daga jana'iza. A Mayun 2021 jirgi ya nitse a yankin Wara ta jihar Kebbi da mutane fiye da ɗari, aka yi ta saɓani a kan adadin waɗanda ke ciki. A Nuwamban shekarar kuma sai na Bagwai a jihar Kano, yawancinsu yaran Islamiyya masu zuwa Mauludi. Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Masu zuwa saro busasshen kifi a Dambai da Yeji da Kete Krachi sun san yadda ake loda jirgi a tafkin Volta har ruwa ya kusa taɓa baki, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 suna jira a ƙasa. Kuma mu faɗi gaskiya, sau da yawa mu fasinja ne ke roƙon a ƙara buhu ɗaya. Kakanninmu fataken goro da suka bi ta nan zuwa Gwanja ba haka suka yi ba. Ayari yana da madugu, shi ke magana da masu fito, kuma a wuyansa alhakin kowane mutum da kowane jaki yake har a haye.

To irin wannan mutumin za ki nema wa ɗanki, wanda zai iya cewa a'a ga mai kuɗi a hannu. Gaɓar Togo ba ta kai kilomita 60 ba, amma igiyar ruwanta tana da ƙarfi, duk wanda ya zauna Lome ya san ana gargaɗin masu wanka a bakin teku. Akwai ranakun da bai kamata jirgi ƙarami ya fita da ɗan koyo ba. A tambayi mai jirgin yaushe rabon da ya soke fita saboda yanayi, kuma idan ya soke, yana mayar da kuɗi ko yana ɗage rana. Wanda ya bugi ƙirji ya ce shi bai taɓa sokewa ba, ni dai ba zan ba shi ɗan akuya ya tsallakar mini ba, balle ɗan mutum.

Haka nan malamin gaske zai fara da tantance yaron ne kafin ya karɓi ko dala. Zai ba shi takardar tambayoyin lafiya: asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon kunne. Ga mu nan yankin sai a ƙara da sikila, don mai wannan larura nitso da tukunya haɗari ne babba a gare shi, sai a je asibiti a yi gwajin jini a ji ta bakin likita. Zai kuma gwada iyonsa. A tsarin PADI sai mutum ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Hajiya, ɗan da ya tashi a Dapaong, a ina ya koyi iyo? Ki tambaye shi, kuma kada ki karɓi "na iya" a waya. Darasin farko ma a kwamin wanka ko ruwa marar zurfi ake yin sa, inda ɗalibi zai iya miƙewa tsaye idan ya firgita. Malamin da ya ce ranar farko teku za a nufa ya tsallake tsani.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki kira kawun nasa. Ya rufe shago rabin yini, ya biya kuɗin kujera, ya bi jirgin ba tare da ya shiga ruwa ba. Ba sai ya san komai game da nitso ba, idon ɗan kasuwa ya isa. Ya duba ko an rubuta sunayen mutane kafin a tashi, ko an kira su ɗaya bayan ɗaya kafin a juyo. Ya ga ko akwai rigar kariya ta kowa, ko wani ya zauna a jirgin yana kallon ruwa lokacin da sauran ke ƙasa, ɗalibai nawa ke bin malami ɗaya. Ya lura da yadda ake yi wa wanda ya tsorata ya ce ya fasa, lallashinsa ake yi ko dariya. In ya dawo ya gamsu, a biya rabi a karɓi rasit mai ɗauke da sunan kwas ɗin da sunan ƙungiyar da za ta ba da katin, sauran kuma sai kati ya zo hannu. Kafin nan, ko ta Flooz ko ta wata hanya, kada sefa ɗaya ta bar Dapaong.