Kafin a mayar da tsohuwar mota manuwal, a fara samo kayan

'Yan uwa masu riƙe da tsohuwar Marsandi 230 ko Fijo 505 mai otomatik, mun ga da yawa na son mayar da ita manuwal, tunda bakaniken da ya san tsohuwar giyar otomatik ya yi wuya. Muna goyon baya, amma kada a kwance mota kafin kaya su cika.

Giyabos kaɗai bai isa ba. Akwai filawil, feda, masta, hannun giya da furofela, wadda tsawonta kan bambanta. Ra'ayinmu a ciro su gaba ɗaya daga mota ɗaya da aka yanka. Mai tsintar giya a Ladipo, feda a kasuwar Gate ta Ibadan, shi ne motarsa ke shekara kan dutse a gareji.

Kuloci kuwa a sayi sabo. Farantin tokunbo ya riga ya cinye, kuma sauke giya karo na biyu kuɗin aiki ne. A ƙirga haƙoran sandar giya a gaban mai shago, a gwada farantin a kai.

Masu Fijo sun fi samun sauƙi, albarkacin kamfanin PAN da ya fara haɗa ta a Kaduna tun 1975.