Gonar Bene Ko Gonar Buhu? Shawara Ga 'Yan Uwana Na Maitumbi



Yau ina so mu ɗan taɓa wata magana da Turawa suka daɗe suna yayatawa, wato noma a cikin dogayen benaye a tsakiyar birni. Wani malamin Jami'ar Kolambiya ta Amurka, Dickson Despommier, shi ya taso da ita tare da ɗalibansa tun 1999, har ya yi littafi a kanta a 2010. Hujjarsa ita ce mutane na ta kwarara birane, gonaki na ƙara nisa. To a jera shuka hawa-hawa a cikin gini, ta sha ruwa mai sinadarin taki, fitilun lantarki su tsaya a madadin rana.

Abin da daɗin ji, amma lissafi ya ƙi. A Amurka kanta, kamfanin AeroFarms ya je kotu neman kariya saboda bashi a 2023, Bowery kuma ya rufe a 2024. Kuɗin wuta na cikin manyan abubuwan da suka karya su, ga shi kuma yawanci latas da 'yan ganyayyaki suke fitarwa. Dawa, masara da doya har yau sai a gona.

To ina ga mu? Jiharmu ce ke da madatsun Kainji, Shiroro da Zungeru, hanyar Shiroro ma ta unguwarmu ta bi, amma kowa ya san yadda wuta take zuwa ta ɗauke. Ranar da waɗancan ke sayen madadinta kuwa, mu kyauta Allah Ya ba mu.

Sai dai kada mu yi watsi da matsalar da ta haifi wannan tunani, domin tana ƙofar gidanmu. Yawancinmu zuwa muka yi, ko iyayenmu suka zo, daga Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya. Gonakin gado suna can gida. Doyar da muke ci gumin maƙwabtanmu Gbagyi ne, kuma mun ga yadda 'yan bindiga suka kori manoma a yankunan Shiroro, Munya da Rafi a 2020 da 2021, har wasu suka yi gudun hijira a Gwada da Kuta. Mun kuma tuna 2016, da tsutsa ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, miya ta gagari talaka.

Ni a ganina, benen talaka shi ne buhu. Mazauna Kibera a birnin Nairobi sun rungumi wannan dabara tun 2008. A tsayar da buhu, a jera tsakuwa a tsakiyarsa daga ƙasa har sama don ruwa ya ratsa, a cika gefe da ƙasa haɗe da busasshen kashin awaki. Sai a huda jikinsa a dasa alayyafo ko latas, a sa tumatir ko attaruhu a bakinsa. Wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba zai ɗauki buhu huɗu.

Wani zai ce ruwan fa, alhali da rani daga 'yan garuwa muke saye? Ruwan alwala da na wanke shinkafa da muke zubarwa a kwata zai rage wannan nauyi sosai. Gaskiya ne buhu ba zai cika rumbu ba, amma zai rage kuɗin cefane, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Don haka ina roƙon masu gidajen haya da kada su hana 'yan haya ajiye buhu a gindin katanga. Malaman Islamiyyu su koya wa yara, malaman aikin gona na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke nan Minna kuma su leƙo unguwa su nuna wa iyayenmu mata yadda ake yi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, amin.

Wassalam.