Gyaran Gida Da Kayan Ɗaki: Wa Za A Danƙa Wa Amana?

Daga Wakilinmu

Tun da tsadar rayuwa ta yi tsanani a ƙasar nan, ma'aikata da dama sun daina zancen sayen sababbin kujeru da gadaje, sun koma ga gyaran waɗanda suke da su. Dalilin kuwa a fili yake. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan Yuni kuma Babban Banki ya bar kasuwa ta riƙa yanke darajar Naira. Dala ɗaya wadda ake canzawa kusan Naira 460 a farashin hukuma ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamban shekarar. Ko da yake an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, ƙarin bai kamo tashin da soso da yadin kushin da fenti da katako suka yi ba.

Ga ma'aikacin gwamnati, al'amarin yana da wata fuska ta dabam. A da, idan famfo ya ɓaci ko rufi ya yi yoyo a gidan gwamnati, sai dai a kai rahoto Ma'aikatar Ayyuka, wadda ta gaji tsohuwar P.W.D., a turo kafinta ko birkila mai karɓar albashi, wanda yake da shugaba a kansa. Amma daga 2003, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta fara mai da haƙƙoƙin ma'aikata kuɗi a hannu, aka kuma shiga sayar da gidajen Gwamnatin Tarayya, nauyin gyara ya dawo wuyan ma'aikaci. Shi zai nemo mai aiki, shi zai biya, shi kuma zai ɗauki asara idan aikin ya lalace.

Ko shakka babu gyara yana da riba. Yawancin tsofaffin kujeru da tebura an yi su ne da katako na gaske irin su maɗaci da loko, waɗanda suke jure wa gara da shekaru. Da yawa daga cikin kayan yanzu kuwa da allon garin katako da aka haɗa da gam ake yin su, wanda yakan kumbura ya ruguje da zarar ruwa ya taɓa shi. Katako mai kyau kuma sai ƙaranci yake ƙara yi. Maɗobiya ma, saboda yawan saran da aka yi mata ana kai wa ƙasar Sin, tun 2017 aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Saboda haka mai tsohuwar kujerar maɗaci, idan ya sake mata soso da yadi, aka goge katakon aka shafa masa mai, ya fi wanda ya jefar da ita ya sayi sabuwa dacewa. Da ma an ce da tsohuwar zuma ake magani.

To, amma wa za a ba aikin? Nan ne gizo yake saƙa. Koke-koken masu gida sanannu ne: mai gyara ya karɓi kuɗin kaya ya ɓace mako biyu, ko ya rubuta farashin soso mai ƙarfi ya sa mara ƙarfi, ko kafinta ya ce ai shi ma ya iya aikin lantarki. Su ma masu sana'a suna da nasu kuka, kuma gaskiya ne. Akwai maigidan da zai matse kuɗin aiki har ya kasa isa, ya ƙara wani aikin a tsakiya ba tare da ƙarin ko kwabo ba, sa'an nan a gama ya ce a dawo ƙarshen wata. Wanda aka yi wa haka sau biyu, a karo na uku a jikin kayan aiki zai fanshe.

Tushen wannan rashin yarda shi ne yawancin masu sana'a a gaban ubangida suka koya, ba su da wata shaida ban da bakin waɗanda suka yi wa aiki. Alhali kuwa hanyoyin samun shaidar suna nan. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta daɗe tana yi wa masu sana'a jarrabawar gwaji mai mataki uku. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata, watau I.T.F., wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Ilimin Fasaha, N.B.T.E., wadda aka kafa a 1977, da kuma hukumar NEMSA mai ba masu haɗa wayar lantarki takardar ƙwarewa. Abin takaici, kaɗan ne daga cikin masu gida suke tambayar waɗannan takardu, don haka mai sana'a ba ya ganin amfanin wahalar neman su.

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da maigida zai iya yi yau. Ya nemi wanda yake da shago sananne a unguwa, ya je ya ga aikin da ya taɓa yi wa wani. A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a rubuta su a takarda tare da ranar gamawa, ko a gaban shaida ɗaya ne. In da hali a tafi kasuwa tare a sayo kayan, a karɓi rasit. Kada a biya kuɗin aiki duka tun farko, kada kuma a jinkirta cikon bayan an gama. Aikin lantarki kuwa kada a ba kowa sai gwaninsa, domin waya mara kauri da aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinta ita ce takan yi zafi ta ta da gobara cikin dare. Araha ba ta ado.

Wajibi ne kuma ƙungiyoyin kafintoci da magina da masu gyaran famfo su buɗe rajistar 'ya'yansu a kowace unguwa, su riƙa sauraren ƙara suna hukunta mai cin amana, tun da sunan sana'arsu ne yake ɓaci. Ya kamata ƙananan hukumomi su taimaka a kawo jarrabawar gwaji kusa da jama'a, a kan kuɗin da talaka zai iya biya.

Ɗalibai ma abin ya shafe su. Wanda ya yi amfani da hutunsa ya koyi aikin kushin ko na famfo, ya haɗa da iya rubuta lissafi da cika alkawari, ba zai rasa masu nemansa ba ko da takardar ɗaukar aiki ta yi jinkiri. Masu gida da yawa suna nan suna cigiyar wanda za su bar wa mabuɗin ɗaki su tafi ofis hankali kwance.